Ɗorawar Hansatu Mai Daddawa

Hansatu ba ta gaji ko taku ɗaya na gona ba. Abin da ta gada ɗorawa ce guda, tana tsaye a tsakiyar gonar yayanta, a wani ɗan ƙauye da ke bayan Panshekara, kusa da kogin Calawa. Ɗorawar ta kakarta ce, ta bar wa mahaifiyarta Iya Rakiya, ita kuma da za ta bar duniya ta ce a ba Hansatu. Babu wanda ya ga abin mamaki a ciki. A wajenmu a wancan zamani ƙasa daban take, itace daban. Mutum ya sayar da gonarsa ko ya jinginar, ɗorawar da ke ciki tana nan ta mai ita. Mai gona zai yi nomansa har gindinta, amma ba zai sa mata gatari ba, ba zai tsinki ko sili ɗaya na 'ya'yanta ba. Ita kuma mai ɗorawa, idan ta sauke kayanta, sai ta kai masa nasa rabon, saboda inuwar da ta tauye masa gero.

Ɗorawar ta tsufa tun kafin a haifi Hansatu. Idan sanyi ya fara ja da baya sai ta fitar da jajayen furanni, suna reto kamar tuntun hular dara. Da rana ƙudan zuma ke kanta, kana jin gunjinsu tun daga hanya. Da magariba kuwa jemagu ke sauka tuli guda, suna faɗa da juna, suna tsotsar furen, ruwan zaƙi yana ɗiga ƙasa, tururuwa na kwashewa. Kurege ya yi rami tsakanin saiwoyinta, kurciya da hasbiya suna sama, ƙadangaru kuwa ba a maganarsu. Iya Rakiya takan ce shekarar da jemagu suka yi yawa, ita ce shekarar da kalwa ke cika. Ba ta san dalili ba, ta dai daɗe tana kallo.

Hansatu 'yar gajeriya ce, baƙa, mai wushirya, mai saurin tafiya kamar ta bar abu a wuta. Kuma galibi ta bari ɗin. Tana da wata ɗabi'a ta yin magana da abin da take aiki da shi. Za ka ji tana yi wa tukunya faɗa don ta ƙi tafasa, ko tana lallashin ɗanyen icce. Ta auri Idrisu majemi, mutum mai shiru, wanda ke jimar fatun awaki a bayan gida da bagaruwa da toka. Suka haifi 'ya'ya, ɗaya ce ta rayu, Lami, wadda daga baya ta yi aure a Ɗorayi. Da Idrisu ya rasu Hansatu ba ta sake aure ba. Daddawa ce ta riƙe ta.

Wanda bai taɓa ganin ana yin daddawa ba bai san wahalarta ba. A fasa ɗorawa, a ware garin, yara su sha, a ajiye ɓawon don makubar daɓe. Kalwar a dafa ta wuni guda, a surfa, a kai kogi a wanke, a sake dafawa, sannan a zuba a kwando a lulluɓe da ganye da tsumma, a rufe ɗaki a ba ta wuri. Idan ta kama, kwandon zai yi ɗumi kamar jikin yaro mai zazzaɓi, maƙwabta su ji labari ba tare da an aika musu ba. Daddawar Hansatu har daga cikin birni ake aiko saye. Ita kuwa ba ta taɓa yarda hannunta ne ba. Kullum cewa take, ai halin uwar ne, tana nufin ɗorawar.

A ƙarshen shekarun saba'in masu awon ƙasa suka zo, suka kakkafa duwatsun siminti a gonaki. Mai unguwa ya tara mutane ya ce gwamnati za ta yi unguwar masana'antu a nan, irin ta Bompai da Sharaɗa, kuma za a biya kowa diyyar gonarsa da ta itatuwansa. Yayan Hansatu ya karɓi tasa ya koma Na'ibawa. Da aka zo kan ɗorawa, Hansatu ta ƙi dangwala yatsa. Mai unguwa ya yi mata bayani har ya gaji, ita ma ta yi masa nata. Ta ce ba ta hana kowa sayen gona ba, ko gwamnati ko wani, amma ita ba ta sa ɗorawarta a kasuwa ba, kuma tun da take ba ta taɓa jin an sayi gona an haɗa da ɗorawar wani ba. Mai unguwa ya ce zamani ya canja. Ta ce to, ta ji. Ta ɗauki mayafinta ta fita, a ranta magana ta ƙare, kuma ita ta yi nasara.

Aka kawo katafila ta kwantar da gawo da kanya da sauran ɗorawoyin da aka biya. Tata kuwa Allah ya tsare ta, ta faɗo a filin wani kamfanin jimar fata, daga gefe, inda gini bai kai ba. Aka ja doguwar katanga ta bulo, aka sa ƙofar ƙarfe. Daga waje sai kanta kawai ake hangowa.

Ranar da ta fara zuwa ƙofar, maigadi ya tare ta. Gali ne sunansa, wani dogon Buzu daga ƙasar Nijar, da rawani da butar shayi.

"Ina zuwa, Inna?"

"Wajen ɗorawata."

"Nan kamfani ne."

"Na ga kamfani. Ita ce ban gani ba tun da kuka rufe ta."

Gali ya rasa yadda zai yi da ita, ya aika aka kira Labaran, shugaban leburori, mutumin Ringim, wanda ya tsinci Turanci kaɗan lokacin da yake aiki a Bompai. Labaran ɗan ƙauye ne, tana fara magana ya gane. Ya kai ta wajen manaja, wani baƙo daga wata ƙasa, ya yi masa bayani iyakar iyawarsa. Manajan ya yi dariya sosai. Da ma ya bar bishiyar ne don motarsa ta samu inuwa. Ya ce ba komai, tsohuwa ta riƙa zuwa tana ɗiban abinta. Shi a ganinsa alfarma ya yi mata. Ita a ganinta ta samu mai gona da ya san al'ada.

Daga nan ta kafa murhu a bakin ƙofar, tana sayar wa ma'aikata tuwo da miyar kuka. Ta zaɓi inda za ta zauna yadda ko tana tuƙi, da ta ɗaga kai za ta ga rassan ɗorawar sama da katanga. Idan bazara ta yi, 'ya'yan suka nuna, Labaran ya sa samarin leburori su hau su kaɗo mata, ta ba kowa nasa. Kuma duk shekara, daddawar farko da ta yi, sai ta jera a faifai mai kyau ta aika wa manaja rabon mai gona. Faifan bai taɓa wuce ɗakin maigadi ba. Gali yakan toshe hanci da gefen rawani, ya ce wallahi warin kamfani ya fi wannan sauƙi, Kanawa dai ba abin da ba za su ci ba. Ita kuma ta ce ina ruwan Buzu da miya, mutumin da bai taɓa ganin inuwa ba sai ta raƙumi. Ya gama tsiyarsa ya miƙo kwano a ƙara masa. Ma'aikata a gindin ɗorawar suke sallar azahar, a nan suke kishingiɗa kafin a busa jiniya. Shekarun nan Hansatu ta ji daɗinsu, Allah ya sani.

Sai dai wurin yana canjawa a hankali. Kamfanoni suka yawaita, kowanne da kwatarsa, duk suna gangarawa kogi. Wani ruwan ja, wani baƙi, na kamfanin fata kuwa shuɗi-shuɗi mai kumfa, da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Hansatu ta daina wanke kalwa a Calawa tun ranar da ta fito ƙafafunta suna ƙaiƙayi, ta koma jan ruwan rijiya. Masunta suka fara komawa leburanci. A cikin katanga kuma aka malala siminti har kusa da gindin ɗorawar, ruwan sama ya faɗo ya gudu, bai shiga ƙasa ba.

Sai aka yi farin nan na tamanin da uku. Gero ya bushe a tsaye, rijiyoyi suka ja ƙasa, mata suna kwana biyu suna neman abin da za su dafa tuwo da shi. Hansatu ta ɗaga kai wata rana ta ga ƙananan rassan sama sun yi fari, babu ganye. Ta shiga ta zagaya ɗorawar, ta dafa ta, ta tambaye ta me ke damunta. Kusa da ita kuwa, taku kaɗan, kwatar kamfani tana gudu dare da rana, ruwa har yana tumbatsa, a shekarar da mutane ke alwala da rabin buta.

Ta sami Labaran bayan azahar, ta ce ya fasa mata gefen kwatar, ya ja 'yar hanya zuwa gindin ɗorawar. Labaran ya cire dogon takalmin robar da ke ƙafarsa ya nuna mata tsakanin yatsunsa.

"Gwaggo, ruwan nan ba na arziki ba ne. Ku dubi yadda ya yi mini, da takalmi ma ke nan."

"Ni za ka nuna wa ƙafar majemi? Ni da na ƙare ƙuruciyata ina shafa wa Idrisu man kaɗanya? Hannunsa har tsagewa yake. Amma inda yake zubar da ruwan jimarsa, ka ga gwandar da ta fito a wurin? Unguwa guda ke sha."

"Nasu Baba Idrisu bagaruwa ce da toka. Wannan a buhu yake zuwa daga waje. Wani buhun har hoton ƙoƙon kan mutum ne a jiki."

"Jima dai jima ce, Labaran. Fata ce a can, fata ce a nan. So kake in zauna ina tuƙa tuwo ƙishirwa ta kashe ta a gabana?"

Labaran ba ya iya yi mata musu, don tun da ta kafa murhu a ƙofar ita ce uwarsa a wurin. Ranar Lahadi da babu manya, ya ɗauko diga ya fasa simintin, ya ja hanya siririya kamar ta lambu.

Abin da ya fi ciwo shi ne, da farko abin ya yi. Kafin wata ya zagayo ɗorawar ta yi sabon ganye, kore shar, a lokacin da duk faɗin Calawa babu wani kore. Masu wucewa a kan keke suna waiwaye. Hansatu ta yi ɗanwake ta raba sadaka. Ta riƙa tsokanar Labaran, tana cewa ga likitan itace, wanda ya so ya hana mara lafiya magani. Shi ma ya yi dariya, ya ce ya tuba. Ba mu taɓa ganin farin cikinta kamar na watannin nan ba.

Da lokacin fure ya zo ta yi fure fiye da kullum. Hansatu ta riƙa jinkirta tashi da yamma, tana kankare tukunyar da ta riga ta kankare, tana jiran jemagu. Suka zo 'yan kaɗan, suka yi shawagi, suka wuce. Ƙudan zuma ma ba su yi wani yawa ba. Furannin suka riƙa faɗowa ɗaya-ɗaya a kan rufin motar manaja, direba yana sharewa. Tururuwa ba ta taɓa su ba. A ƙasa kuma, gefen 'yar hanyar ruwan, wani farin abu ya fito kamar an barbaɗa kanwa.

'Ya'yan da aka kaɗo a bazarar ba su cika kwando biyu ba, sirara, kalwar ciki a motse. Duk da haka ta yi musu duk abin da ake yi. Ta dafa, ta surfa, ta wanke da ruwan rijiya, ta lulluɓe, ta ja ƙofa. Da lokaci ya yi ta shiga ta sa hannu a ƙarƙashin tsumman, ta ji sanyi. Ta ƙara mata kwana. Ta sake shiga, babu ɗumi, babu yauƙi, babu ko ɗan warin nan da take tashi da shi tun tana yarinya. Ta fito da kwandon tsakar gida ta buɗe a rana, ta zauna a kan turmi tana kallo. Ƙudaje suna kan kwanukan wanke-wanke, suna kan igiyar akuya, ko ɗaya bai sauka a kan kalwar ba.

Ba ta sayar ba, ba ta zuba a miya ba, ba ta ko ba kaji ba. Ta haƙa rami a bayan gida ta binne. Shekarar ce ta farko da Gali bai ga faifai ba, kuma bai tambaya ba. Washegari da sassafe ta je ta ce wa Labaran ya toshe hanyar ruwan. Ya toshe, ya kwaso ƙasa mai kyau daga waje ya zuba. Ita kuma ta shiga ɗauko ruwan rijiya a tulu tun daga gida, tana zuba wa gindin kafin ta hura wuta. Tulu ɗaya ga itacen da ya girmi uwarta. Ta san ba zai isa ba, ba ta dai iya fasawa ba.

Ɗorawar ba ta mutu lokaci guda ba. Ganyen ya fara ƙonewa daga baki-baki, kamar an kara shi a wuta. Damina ta dawo, ta ɗan yi yunƙuri ta gefe ɗaya, ta fasa. Shekarar da ta biyo ba ta yi fure ba. Ɓawon ya fara ɗagowa yana faɗuwa falle-falle. Ma'aikata suka mayar da sallarsu ƙarƙashin rumfar kwano, direba ya canja wa mota wuri.

Mun sha gaya mata ba ita ba ce. Ga mangwarorin bakin kogi da ba wanda ya ja musu ruwa, su ma sun bushe. Ga siminti, ga fitilun da ke ci har safe, ga duk itatuwan da jemagu suka saba bi an kwantar. Ko ba ta fasa kwata ba, ruwan yana bi ta ƙarƙashin ƙasa. Takan saurara har mu gama, ta ce haka ne, sannan ta ce amma su mangwarorin ba wanda ya ba su da hannunsa.

Daga lokacin ta canja. Ta rage magana da tukwanenta. Wani lokaci da magariba, tana cikin zuba wa mutum miya, sai ta tsaya da ludayi a sama, ta karkata kai, ta ce ga jemagun nan sun dawo. A yi shiru a saurara, ba a jin komai sai gurnanin injin da ke juya fatu. Ta gaya wa Lami tana yawan mafarkin Iya Rakiya zaune a gindin ɗorawar, zanenta jiƙe sharkaf da shuɗin ruwa, ba ta faɗa, ba ta ko kallonta, tana dai matse bakin zanen. Leburorin da ke kwana a wurin su ma suka fara cewa ba sa son bi ta gefen. Ba su ce sun ga wani abu ba. Cewa suka yi wurin ya cika shiru.

Kullum da safe kuwa sai ta shiga, ta sa farce ta ɗan kankari wani reshe na ƙasa, tana neman kore. Ta ce ta taɓa ganin ɗorawar da tsawa ta faɗa wa, aka fitar da rai, ta zo ta yi toho. Muddin tana tsaye, ba a gama ba.

A farkon daminar tamanin da bakwai aka yi iska, wani babban reshe ya karye ya faɗa kan wata motar ɗaukar fatu, ya fasa gilashi. Allah ya kiyaye babu kowa a ciki. Manaja ya kira Labaran ya ce a sare bishiyar. Labaran ya tara yaransa ya faɗa musu, aka rasa wanda zai ɗauki gatari. Mutanen Gumel ne da Haɗeja da Damagaram, kowannensu ya bar irin wannan itacen a garinsu da sunan wata uwa ko gwaggo a kansa. Suka ce tana da mai ita, kuma ga ta can a bakin ƙofa, in ta ce a sare za su sare. Labaran ya koma ya faɗa wa manaja haka. Manajan bai yi dariya ba wannan karon. Lokacin kamfanoni suna ta rage ma'aikata, kullum da safe akwai mutane tsugune a bakin ƙofa suna jiran a ce ana neman hannu. Ya ce ko su sare, ko ya sallame su ya ɗauki waɗanda za su sare.

Labaran ya hana kowa gaya mata. Yana zuwa ya ci tuwonsa, ya yi mata sannu, ya tashi. Gali ne ya kasa. Ya bari sai da mutane suka watse, ya kawo mata shayi a ɗan kofinsa, abin da bai taɓa yi ba, ya tsuguna nesa kaɗan.

"Inna, ni baƙo ne, ban san dokar itacenku ba. Amma manaja ya ce ko a sare ɗorawar ko a sallami leburori, Labaran kuwa 'ya'yansa shida. Ya ce gara a kore shi da ya zo ya tambaye ki."

Ta ajiye kofin. Ta tambaye shi ko shi yana ganin ɗorawar za ta yi toho. Gali ya gyara rawaninsa ya ce shi mutumin Sahara ne, busasshen itace kam ya san shi.

Da safe ba ta hura wuta ba. Ta yi wanka ta sa zanenta na zuwa suna, ta shiga kamfanin. Ta sa aka kira Labaran da yaransa. Ta je ta kankari reshen nan da farce kamar kullum, ta duba, ta goge yatsan a zane. Sannan ta juyo ta ce wa Labaran ashe shi sakarai ne ba ta sani ba, zai zubar da abincin 'ya'yansa saboda kunyar tsohuwa. Labaran ya sunkuyar da kai. Ta ce, "Ni Hansatu, ni ce mai ita. Na ba ku. Ku sare."

Aka ce ta koma waje, ta ƙi. Ta zauna a kan wani bulo, hannuwanta a cinya. Suka yi bisimilla suka fara. Itacen ya bushe ƙwarai, gatari yana tashi da ƙara kamar ana dukan ƙarfe. Da ɗorawar ta fara rangaji, waɗanda ba sa sara suka ja baya, kowa ya nemi sanda ya riƙe, ba wanda ya ce musu su yi. Haka aka saba a ƙauye. Babban itace idan ya faɗi, abin da ke cikinsa duk sai ya fito, maciji ne, kunama ce, gafiya ce, kowa ya yi ta kansa, tsuntsaye su tashi suna kuka. Ta faɗi, ƙasa ta amsa, rassa suka tarwatse a kan siminti. Mutanen suka tsaya da sanduna a sama suna jira.

Babu abin da ya fito. Ko ƙadangare, ko kiyashi. Wani ya zura sanda a kogon gindin ya jujjuya, ya zaro ta babu ko yanar gizo. Itacen da ya yi shekara biyu a mace, gara ma ba ta shige shi ba. Ɗaya bayan ɗaya suka sauke sandunan, kowa yana kauce wa idon ɗan'uwansa.

Hansatu ta tashi ta leƙa cikin kututturen. Tsakiyarsa ta yi wani irin duhu da ba na itace ba. Ta ce kada wanda ya kai wa matarsa ko guntu ɗaya, kada a dafa abincin kowa da shi. A lokacin icce yana tsada, amma ba wanda ya ɗauka. Motar kamfani ce ta kwashe.

Ba ta sake kafa murhu a ƙofar ba. Ta ɗan zauna a gida, ƙafa ta fara kumbura, tari ya zo, Lami ta ɗauke ta zuwa Ɗorayi. Labaran yakan hau keke ranar Juma'a ya je gaishe ta, har Gali ya taɓa binsa sau ɗaya, ta ce masa ashe Buzu yana iya barin ƙofa ba a sace ta ba.

Da jikin ya yi nauyi ta sa aka kira mutane, tana neman gafararsu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi. Ta yafe wa kowa, ta ce har manaja, don bai taɓa hana ta shiga ba. Sai ta tambayi limamin unguwar, wanda ya zo yi mata addu'a, ko akwai yadda mutum zai nemi gafarar itace. Malam ya ce Allah niyya yake dubawa, ita kuwa da niyyar shayarwa ta yi, kuma shayar da mai ƙishirwa lada ne.

Ta ce, "Na sani, Malam. Allah mai gafara ne, ban taɓa shakka ba. Ita ce dai na ba ta ta sha, ta kuwa sha, don ni ce na ba ta."

Malam ya ɗaga hannu, muka ɗaga. Ta rasu ranar wata Talata da hantsi, kanta a cinyar Lami. Allah ya jiƙan Hansatu, ya sanyaya makwancinta, ya shayar da ita ruwa mai kyau.